Ɗora Jabana, Ina Zuwa

Da cokalin shayi ya ƙwanƙwashe mata bayan hannu.

"To me kuma na yi?" in ji Zaituna. Ta janye hannun tana hura shi. "Ba kai ka ce in cire batir ɗin ba?"

Mudi ya girgiza kai. Daga kan gadon igiya da yake jingine ya miƙa cokalin ya nuna ƙwan lantarki da ke rataye a tsakiyar ɗaki, wanda bai kama ba tun hantsi. Ya nuna na'urar da ke tsaye jikin bango. Sannan ya tattara yatsunsa wuri guda ya jijjiga su a hankali, irin yadda Larabawan kasuwa ke cewa a dakata.

"Wato sai kaharaba, wutar lantarkin, ta dawo?"

Ya gyaɗa kai.

"Usta, kowa a duniya sai ya kashe wuta yake sa hannu cikin ƙarfe. Kai kaɗai ne za ka ce sai da wuta. So kake ta kama ni in riga ka tafiya?"

Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Ta juya ta hau gyaran zanen gado da babu abin da ya same shi. Shi kuwa dariya ya yi, kafaɗunsa na rawa, bakinsa a buɗe, ba ko sauti. Tun farkon damina da likitocin Khartum suka yi masa aiki a maƙogwaro dariyarsa ta koma haka, sai dai a gan ta.

Duk unguwarmu, daga gidan mai burodi har bakin kwari, babu wanda bai san Usta Mudi ba, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a nan. Da gyaran rediyo ya fara a kasuwar Gadarif. Da aka zo aka buɗe ɗakunan wasa a bayan kasuwar riɗi, inda samari da 'yan ƙodagon gona ke cika da yamma suna danne-danne a gaban akwatuna masu hoto, sai ya zama duk akwatin da ya lalace wurinsa ake turo shi a amalanken jaki. Hoton bai dame shi ba. Abin da ya ɗauke masa rai shi ne sautin: harbin bindiga, ƙarar mota, ɗan kiɗan nan mai kama da kukan gyare. Yakan ce na'urar da ba ta magana gawa ce da aka kunna wa fitila.

Wannan da ke ɗakinsa filibar ake ce mata. Tebur ne mai dogayen ƙafafu, da gilashi a sama, ana harba ƙwallon ƙarfe a ciki ya yi ta karo da ƙararrawa, mai wasa na tare shi da wasu 'yan fukafukai biyu har ya kuɓuce masa ya faɗa rami. Daga wani kulob na Girkawa da aka rufe aka sayo ta. A goshinta akwai hoton wata mace mai wutsiyar kifi da ba ta san darajar zane ba. Da can in ƙwallo ya faɗa sai na'urar ta ƙyalƙyale da dariya irin ta kura, ta faɗi wata magana da Turanci da kowa ya tabbata zagi ne. Wata damina kwanon ɗakin wasan ya yi yoyo, ruwa ya bi ta cikin goshin, kurar ta yi shiru. Mudi ya neme mata allon murya har Madani bai samu ba.

Abin da ya yi daga nan shi ya jawo masa fitina. Wani ɗan Jidda ya kawo masa akwatin amsa tarho da ya lalace, ya bar masa. Mudi ya farke shi, ya ciro allon cikinsa, ya haɗa da filibar. Babu kaset a ciki, babu zare. Wani ɗan baƙin abu ne kamar ƙwaro mai ƙafafu da yawa, wai a nan murya ke zama bayan an mayar da ita lambobi. Da ya zo gwadawa aka ce ya faɗi wani abu a ɗauka. Mutum mai hankali da sai ya ce a'uzubillahi ko ya ƙirga ɗaya, biyu. Shi kuwa sai ya kafa baki ya faɗi abin da ya saba faɗi a ƙofar gida kowace yamma:

"Ya Zaituna, halas, na gaji. Ɗora jabana, ina zuwa."

Ya ƙara da ɗan guntun tari da dariya, a bayansa wani jaki na kuka.

Kafin mako ya zagayo duk Gadarif ta haddace. Duk wanda ƙwallonsa ya faɗa, sai muryar Mudi ta tashi a tsakiyar kasuwa tana kiran sunan matarsa, ƙartai suna amsawa baki ɗaya. Masu tallan ruwa a ganga suka ɗauka. A gidan biki Zaituna na shiga sai wata ta rufe baki da mayafi ta ce, "An ɗora kuwa?" Mu ma dai mun ɗan taɓa, Allah ya yafe mana.

Mace ce da tun da aka kawo ta gidan ba wanda ya taɓa jin sunan mijinta a bakinta. Usta take cewa, in kuma cikin danginsa ne ta ce "shi". Ko yaron maƙwabta da aka raɗa wa Mudi, Ɗan-baƙi take kiransa. A ce irin wannan mace sunanta ke yawo a bakin 'yan ƙodago? Ta kife jabanar a kan kanta, wato tukunyar gahawar nan ta yumɓu mai dogon wuya. Ta ce ba za a ƙara jin ƙamshin gahawa a gidan ba sai an goge.

"Ba ta goguwa," ya ce mata. Ƙarya yake.

"To ka sha ta kasuwa. Ai can aka san ka."

Ya daure har aka yanke dawa. Wata rana sai ga amalanke a ƙofar gida, filibar a kwance kamar saniyar da za a kai mahauta. Ya musanye ta da aikin da ya yi wa mai ɗakin wasan. Zaituna ta yarda a shigo da ita bisa sharaɗi biyu: a rufe macen nan mai wutsiya da tsohon zane, kuma kada a kunna. Na farko ya cika. Na biyu kuwa, in ta fita unguwa, maƙwabciyarsu Atine da zana kaɗai ta raba gidajensu tana jin komai, tana kuma kai rahoto.

Shekaru suka wuce a haka. 'Yarsu ɗaya ta yi aure aka tafi da ita Bur Sudan. Gida ya rage su biyu, da na'ura a lulluɓe.

Ranar da aka dawo da shi daga Khartum da ƙyalle a wuya, ya tsaya a ƙofar gida ya buɗe baki don ya yi kiran da ya saba. Iska ce kawai ta fito. Zaituna tana tsakar gida da muciya a hannu, ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta yi masa sannu da hanya, ta shige madafa, ta daɗe ba ta fito ba. Washegari da la'asar, da wuta ta zo, ita da kanta ta yaye zanen, ta bar shi rufe da goshin kaɗai.

"Ƙura ta yi mata yawa," ta ce, ba ta kalle shi ba. "Ta ina ake harba abin?"

Tun daga nan kullum sau ɗaya ne. Takan ja sandar ta saki, ba ta taɓa fukafukan, ƙwallon ya gangara ya faɗa, murya ta tashi, ita kuma ta yi tsaki ta ce, "Na ji, ba kurma ba ce ni," ta tafi ta hura gawayi. Gahawar ma an hana shi sha. Takan kai masa finjali ya shinshina ya mayar.

Wutar da suke jira ran nan ba ta dawo ba sai gab da magariba. Ƙwan ya yi ja, ya yi fari, filibar ta farka da 'yan ƙararrawarta. Mudi ya ɗaga cokali. Zaituna ta buɗe ƙofar goshin, ta ga batir uku ƙanana a jere cikin akwatinsu.

Ya nuna mata da hannu har ta gane. Wutar bango in tana nan, ita ke riƙe da muryar. In ta ɗauke, waɗannan ukun ke riƙe da ita. In babu wannan babu wancan, ko da na ƙiftawar ido ne... ya buɗe tafin hannunsa ya hure shi.

"Ta tafi ke nan?"

Ya gyaɗa kai.

"Ba ta dawowa?"

Ya nuna ƙyallen wuyansa.

Ta cire tsofaffin, tana bisimilla a kan kowanne, ta sa sababbi. Wuta ba ta kama ta ba. Da ta gama ya tafa mata da cokali a jikin ƙarfen gado. Sannan ya nuna wajen zana, gidan Atine, ya zana akwati a iska, ya juya yatsa kamar kaset na tafiya.

Ta gane sarai. Atine na da rikoda da ɗanta ya aiko mata daga Saudiyya. A aro ta, a kara ta a bakin filibar, a ɗauki muryar a kaset, an huta da batun batir.

"In je in ce mata me? In ce ba ni rikoda zan ɗauki muryar mijina yana kirana? Atine? Kafin in dawo gida labarin ya isa garin Basunda." Ta rufe ƙofar goshin da ƙarfi. "Kuma wa ake ɗaukar muryarsa a kaset a ajiye in ba wanda aka cire wa rai ba? In ka warke ka je ka aro da kanka."

Ya dube ta ya daɗe. Ta ɗauki kwanon da ya sha kunu ta fita.

Batir ɗin ma Atine ce ta sayo, don ita ce mai zuwa kasuwa kullum, ko tana da abin saye ko ba ta da shi. Da safe ta zuro kai ta ɓular zana.

"Ina kwanan Usta? Ya jiki?" Ba ta jira amsa ba. "Ke, jiya na hango ki kin cusa kai cikin aljanar nan. Ashe ba na tocila ba ne kika aike ni?"

"Na fitilun jikinta ne," in ji Zaituna, tana shara. "Yana son ganin haskensu. Kin san mara lafiya da rigima."

"Oho. Ni kuwa na ce ko ana so a ji 'ɗora jabana' ne."

"Allah ya kiyaye. Abin da na yi shekaru ina yaƙi da shi?"

Mudi daga cikin ɗaki ya buga cokali sau biyu. Atine ta ce, "Kin ji shi, zagina yake. Usta, ko ba baki na san me ka ce. Rediyon unguwa ko? To rediyon na gaishe ka."

Damina ta ja baya. Baƙar laka ta tituna ta bushe ta tsattsage, manyan motoci suka fara shigowa da buhunan riɗi. Mudi ya daina jingina, ya koma kwanciya. Kunun ma sai da cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Zaituna ta aika garin Mafaza aka kira yayarsa Lauratu, doguwar tsohuwa mai carbi da ba ta dariya sai da dalili. Tana shiga ɗakin ta dubi filibar ta ce, "Har yanzu wannan shirmen na nan? Mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto."

"An rufe hoton, Yaya."

"Su ba su san abin da ke ƙarƙashin zane ba?"

Don haka aka daina kunnawa. La'asar ta yi, Zaituna ta wuce ta gefen na'urar da tsintsiya, ta ɗan shafi gilashin da gefen zanenta, ta wuce. Mudi na binta da ido. Sau ɗaya, da Lauratu ta zagaya alwala, ya ɗaga yatsa ya nuna sandar. Zaituna ta leƙa tsakar gida.

"Za ta ji," ta ce a hankali. "Bari ta koma gida tukuna."

Bai sake nunawa ba.

Da hantsi Mudi ya cika, ranar Talata, ana tsaka da hayaniyar masu ruwa a waje. Lauratu na karanta masa kalmar shahada a kunne, Zaituna na riƙe da ƙafarsa, tana jin yadda sanyi ke hawowa. Leɓensa ya motsa. Lauratu ta ce shahada ya yi. Zaituna ta ci gaba da riƙe ƙafar. Cokalin na nan cikin hannunsa, sai da aka ɓamɓare yatsun aka cire.

Kafin azahar an kai shi. Aka kafa wa maza rumfa a titi, aka shimfiɗa wa mata tabarmi a tsakar gida. Aka cire wa Zaituna awarwaro da 'yan kunne, aka naɗe ta da farin zane mara ado, aka zaunar da ita a ƙasa jikin bango, Lauratu a damanta, wata gwaggo a hagunta. Mai takaba ba ta tashi don kowa, ba ta ɗaga murya. Mata na shigowa layi-layi, su durƙusa, su buɗe hannu a yi fatiha, su ce, "Albarka fikum, Allah ya ba da haƙuri," ta amsa da kai.

Wuta kuwa tun daren jiya babu ita. An ce wani abu ya ƙone a babban layi. Zaituna ta san haka, ta kuma san batir ɗin sababbi ne. A cikin duk abin da ya rushe ranar nan, wannan kaɗai ne ta san yana tsaye. In kukan mata ya yi yawa sai ta kai ido ga ƙofar ɗakin, ta dawo da shi.

Atine ce uwar aiki. Ita ta raba masu tuya kisra, wainar dawa ta Sudan, da masu wanke-wanke, ita ta san wace ta zo da sukari wace ta zo hannu biyu. Idonta ya kumbura, don duk tsiyarsu da Mudi ta fi kowa kuka da aka fito da makara. Ta shiga gida ta ɗauko rikodarta, ta sa kaset na karatun Alƙur'ani, ta ajiye a kan turmi a tsakiyar mata. Gida ya yi tsit. Har Lauratu ta ce, "Allah ya yi miki albarka."

Bayan la'asar muryar mai karatun ta fara nauyi. Ta yi ƙasa, ta ja, ta koma kamar ta mai magana cikin tulu. Wata yarinya ta ƙyalƙyale, uwarta ta make ta.

"Subhanallahi, a kashe," in ji Lauratu. "Ba a wasa da Littafi. Batir ne ya mutu. A aika kanti."

"Mai kanti na rumfar maza, ya rufe tun safe," wata ta ce.

Atine ta miƙe tana kakkaɓe zane. "Ku bari. Na san inda sababbi suke, ni na sayo su da hannuna."

Zaituna ta ɗago kai da sauri.

"Atine," ta ce. Muryar ba ta wuce tabarmar ba. "Atine, bari."

"Zauna abinki, 'yar'uwa, yau ba ranar aikinki ba ce. Fitilu ne, wa zai kalle su yanzu? Gara ladan karatu ya isa gare shi."

Ta yunƙura za ta tashi. Lauratu ta ɗora mata hannu a gwiwa, ba da ƙarfi ba. "Ina za ki? Mutane na zuwa."

Tsakar gidan cike take. Ga matan Mafaza, ga matan unguwa, ga waɗanda suka yi shekaru suna rufe baki da mayafi in ta shigo. Me za ta ce? Ta ce a bar karatun Alƙur'ani ya tsaya saboda abin wasan 'yan kasuwa? Ta ce ita, tsohuwa mai jika, ranar da aka binne mijinta, so take ta ji yana kiranta? Atine ta ɗaga labule ta shige. Zaituna ta ji tafiyarta a kan daɓe. Ta ji an ja zanen. Ta ji ƙofar goshin ta yi ƙarar nan tata ta rashin mai.

Ta ture hannun Lauratu ta miƙe tsaye, farin zanen na zamewa daga kanta.

"Kada ki cire. Muryar Mudi ce a ciki."

Ba ihu ta yi ba, amma har masu wanke-wanke a bayan madafa sun ji. Wata ta saki ludayi. Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin nan, ya fito mata wani iri, kamar ta ari harshen wata.

Labule ya motsa. Atine ta fito, tafin hannunta a buɗe, batir uku a kai.

Ta dubi hannunta, ta dubi Zaituna. "Kin ce na fitilu ne."

"Na ce."

Atine ta juya da gudu, irin gudun da ba a san tana da shi ba. Aka ji tana kiciniya a ciki, ɗaya ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado, tana rarrafe tana salati. Da ta fito gwiwoyinta duk ƙura.

"Na mayar. Wallahi ban daɗe ba. Ko ruwa ba a sha ba a tsakani. Ai ba zai tafi da wuri haka ba, ko?" Ta bi fuskokin mata da kallo, kamar a cikinsu akwai mai gyaran rediyo. "Ko?"

Zaituna ta koma ta zauna a wurinta, ta ja zanen ta rufe kai. Wata baƙuwa da ta shigo a lokacin, ba ta san abin da ake ciki ba, ta durƙusa ta buɗe hannu, aka yi fatiha.

Ranar nan ba a ƙara kunna rikoda ba. Lauratu ce ta ci gaba da karatu da ka, a hankali, surorin da ta haddace. Kuma abin mamaki, ba a yi gulmar ba. Mata irinmu, a tsakar gida ɗaya, da labari irin wannan a hannu, kowa ta tafi gida da shi a baki ba ta tauna ba.

Wuta ba ta dawo ba sai bayan an yi sadakar uku, an naɗe rumfar maza, baƙin nesa sun fara ɗaure kaya. Da yamma ne, rana ta sauka kan zana. Ƙwan ɗaki ya yi ja, ya yi fari. Daga ciki aka ji ƙararrawar filibar ta buga sau ɗaya, tana farkawa.

Zaituna na kan tabarmarta. Ba ta motsa ba. Atine na bakin madafa tana goge tukunyar da ta riga ta goge, ita ma hannunta ya tsaya.

Lauratu ta ja carbi har ƙarshen zagaye. Sannan ta ce, ba ta ɗago ba, "Ɗakin mijinki ne. Ba wanda ya hana mai takaba shiga ɗakin mijinta." Ta sake jan carbin. "Tun yana yaro haka yake. Ya taɓa farke rediyon Baba don ya ga mutumin da ke ciki."

Zaituna ta tashi. Atine ta bi ta har bakin ƙofa ta tsaya a nan, ta riƙe labule.

Gadon igiya an jingine shi a bango, an fitar da katifa. Ɗakin ya yi faɗi. Fitilun na'urar na bin juna, ja da rawaya, suna haska farin zanenta. Cokalin shayin na kan gilashi, inda wani ya ajiye shi. Ta ɗauke shi ta riƙe a hannun hagu. Ta yi bisimilla, ta ja sandar, ta saki.

Ƙwallon ya hau, ya zagaya, ya bugi ƙararrawa, ya bugi wata. Sauti na nan, duk ƙananan ƙararrakin nan da ya gyara da hannunsa. Ya gangaro tsakanin fukafukan biyu. Ya faɗa.

Lasifikar ta yi ɗan ƙas, kamar mutum ya buɗe baki. Sai wani huci siriri, shhh, irin na iskar da ke bi ta ƙasan ƙofa. Ya yi daidai tsawon maganar, har da wurin tarin da wurin dariyar. Ya sake yin ƙas, ya ɗauke.

Atine ta toshe baki da labulen. Can ta ce, "Ni na riƙe maganar, Zaituna. Kalma-kalma. In faɗa miki?"

"Duk Gadarif ta riƙe maganar, Atine."

"Ki zage ni mana. Ki ce wani abu."

"Me zan ce? Ya ce in aro rikodarki. Ni na ƙi."

Ta tsaya a gaban gilashin har fitilun suka gama zagayensu suka sake farawa. Sannan ta gyara zanen da ke rufe da macen nan mai wutsiya, ta fito, ta wuce Atine, ta wuce Lauratu, ta shiga madafa.

Gawayin rana bai gama mutuwa ba. Ta tsuguna ta hura shi har ya yi ja. Ta zuba 'ya'yan gahawa a ɗan kasko tana juyawa da cokalin shayin, hayaƙi mai ƙamshi ya tashi ya bi ta saman zana. Atine ta zo ta zauna a gefenta a ƙasa, ta jawo turmin ƙarfe ta fara daka citta. Da ruwan ya tafasa Zaituna ta sauko da jabana daga kan kanta, ta goge ƙurar wuyanta da gefen farin zanen, ta ɗora.